Ɗakin da Aka Wanke wa Balbela

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wadda ta daɗe ba ta ga nata ba. Ina fatan kuna lafiya ke da Maigida, da fatan gwiwar nan ta sassauta miki. Ni lafiyata lau, sai kewa. Ina labarin 'yata Balbela? Har yanzu ƙafafun nan nata suna ta tsawo suna barin sauran jikin a baya?

Kada ki ga takarda gabanki ya faɗi. Wayata ce ta faɗa bokitin ruwan datti a wurin aiki, ta mutu murus da lambobin kowa a cikinta. Direban da ke zuwa garinku ya ce zai riƙa miƙa miki saƙona a tasha, naki kuma ya ajiye mini wajen mai shayin bakin layinmu.

Na ce wurin aiki, ko kin lura? Na samu, Yaya! Kamfanin wanke tayil ne da tururi. Injin kamar tukunya yake mai taya, a cika shi da ruwa, a jona a wuta, a jira ya tafasa. Daga jikinsa tiyo ya fito, a bakin tiyon akwai ɗan buroshi da bai fi na haƙori ba. Shi kanshi tayil ba shi da wahala. Wahalar tana cikin siririn layin simintin nan da ke tsakaninsa, nan ne maiƙo da sabulu da fumfuna suke shiga su yi zamansu. Sai ki durƙusa ki ɗora buroshin a kan layin, ki danna, tururi ya fito yana huci, daudar ta narke ta biyo baya kamar baƙin shayi. Abokiyar aikina, Gajera muke ce mata, tana biye da ni da tsumma tana gogewa kafin ya bushe. Haka za mu bi layi bayan layi, daga bango zuwa bango, har gwiwa ta daina jin cewa taki ce.

Akwai abin dariya ma. Wani gida muka je, da muka gama rabin banɗaki matar gidan ta leƙo ta dafe ƙirji. Wai wa ya ce mu shafa mata farin fenti, ita baƙin layi ta tarar tun da ta tare, da shi ta saba. Gajera ta ce mata, "Hajiya, daudar ce kika saba da ita." Na zata za a kore mu, sai matar ta fashe da dariya ta kawo mana lemo.

Wurin kwana ne dai har yanzu. Oga mai kamfanin ya bar ni ina kwana a siton da ake ajiye injuna. Tabarmata tana tsakanin tiyo da jarkoki, taga babu, safiya na yi sai in naɗe kafin ma'aikata su zo. Idan na dubi wurin sai in gode wa Allah da Balbela take hannunki. Tun rasuwar babanta ke kika rufa mana asiri. Wallahi ko bangon duniya kika tafi da ita hankalina a kwance yake.

Ki shafa mini kanta. Ki gaida Maigida da kyau.

Ƙanwarki

*

'Yar Baffa,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, kuma duk da gargaɗinki gabana sai da ya faɗi. Muna lafiya. Gwiwa tana nan tana mulkinta.

Alhamdu lillahi da samun aiki. Ke da a gidan Baffa sai an bi ki da tsawa kike share tsakar gida, yau ke ce kike wanke banɗakin mutane da buroshin haƙori. Da yana raye da ya yi dariya har ya kwanta. Ki kula da tururin nan dai. Murfin tukunya kawai nake ɗagawa ina jin yadda yake lasar hannu, balle wanda aka matse a inji.

Balbela lafiyarta ƙalau. Haƙorin gabanta ya fita, yanzu duk maganarta da iska take fitowa. Ta fara makaranta, jakar ta fi ta faɗi. Malamarsu ta ce tana da kai amma ba ta da zama. Ƙafafu kuwa kada ki tambaya, duk rigar da na ɗinka mata wata guda sai ta koma ta aro.

Na rubuta lambata a ƙasan takardar nan. Amma na san ki, a waya ba abin da kike yi sai kuka, ni ma ki sa ni. Gara ki ci gaba da rubutun, na fi gane ki a haka.

Wani abu kuma. Ana raɗe-raɗin kamfaninsu Maigida zai buɗe sabon reshe can ƙarshen ƙasa, kuma sunansa yana cikin waɗanda ake ambata. Ba a tabbatar ba tukuna. Na dai ce in faɗa miki.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ni ma haka, in ban da bayana da ya fara koyi da gwiwarki. Labarin haƙorin Balbela na karanta shi har takardar ta yi laushi. Kin ajiye mini haƙorin kuwa?

Allah ya zaɓa wa Maigida abin da ya fi alheri. Idan ya tafi ai kin huta da guga da girkin dare, ku sha iskarku ke da 'yarki.

Yaya, zauna ki ji. Na ga ɗaki.

Wani tsohon bene aka kai mu aiki, muna wanke banɗakunan hawa na sama kafin sababbin 'yan haya su shigo. Da muka sauko sai na ga wata ƙofa a baya, kusa da matakala, an ɗaure ta da waya. Na tambayi mai kula da gidan, ya ce ɗaki ne da ɗan kicin da banɗaki, amma ba mai so. Wanda ya zauna a ciki suya yake yi ta sayarwa, ya tashi ya bar shi haka. Na ce ya buɗe mini.

Ba zan ɓoye miki ba, da na shiga sai da na toshe hanci. Ƙasan yana kama takalmi. Tayil ɗin kicin ba a gane launinsa, maiƙo ya hau ya daskare kamar kwalta. Banɗakin kuwa fumfuna ta bi layukan tun daga ƙasa har sama, baƙi ƙirin. Gajera ko shiga ba ta yi ba, daga bakin ƙofa ta ce, "Nan ko akuya sai an roƙe ta." Amma ni na durƙusa na kankare wani wuri da makulli, na ƙwanƙwasa tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya fashe, ba wanda ya saki, kuma bangon a bushe yake, ba yoyo. Dauda ce kawai, Yaya, ni kuwa dauda ce sana'ata. Kuma akwai taga! Babba, tana kallon wata bishiya.

Mai kula da gidan ya ce idan na iya mai da shi wurin zaman mutum, nawa ne, a kan hayar da zan iya. Oga ya yarda ya ara mini tsohon ƙaramin inji ranar hutuna. Akwai makarantar yara a bayan layin, da safe ana jin ƙarar ƙararrawarsu.

Kada ki gaya wa Balbela komai tukuna. Ban so a sa mata rai sai na ga ƙarshen abin.

Ki yi mini addu'a.

Ƙanwarki

*

'Yar Baffa,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Mu ma lafiya, Balbela ta ɗan yi mura ta warke.

Ina ganin ba ki gane maganata ta baya ba. Takardar Maigida ta fito. Ba shi kaɗai zai tafi ba, da iyali aka ce, an ba shi gida a can, kuma ba zaman wata ɗaya ko biyu ba ne, shekaru ne. Wurin da nisa, sai an kwana a hanya an canja mota. Direbanki ba ya zuwa can.

Na karanta labarin ɗakinki sau da yawa. Ke da bakinki kika ce sai da kika toshe hanci. Ke kika ce ƙasa tana kama takalmi, fumfuna har sama. Yarinyar da ƙura kaɗan take sa ta tari, nan za ki kai ta? Kuma ke ki fita tun safe ki dawo da yamma likis, wa zai tarbe ta daga makaranta?

Ni da Maigida mun yi shawara mu tafi da ita. A can akwai makaranta a cikin unguwar ma'aikata, akwai asibiti. Ban ga abin da zai dame ki ba tunda ke kika rubuta cewa ko bangon duniya na tafi da ita hankalinki a kwance yake. Na nuna wa Maigida wurin, ya ce to ai magana ta ƙare.

Duk da haka 'yarki ce. Idan kina da ja, ki rubuto kafin mu fara ɗaure kaya.

Yayarki

*

'Yar Baffa,

Ina gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa kika yi shiru.

Duk zuwan da direban nan ya yi sai na je tasha. Har ya fara ganina daga nesa yana girgiza mini kai. Ya rantse ya ajiye takardata wajen mai shayi. To ko dai kin karanta kin yi fushi, ko kin karanta kin yarda kin kasa rubutawa. Idan fushi ne, ban san ki da haɗiye shi ba, da tuni kin cika mini shafi huɗu. Don haka na ɗauka kin yarda. Na san ba abu ne mai sauƙin rubutawa ba, ban kuma ga laifinki ba.

Mun karɓo takardarta daga makaranta. Na gaya mata za mu yi tafiya mai nisa a babbar mota, tun ranar take kwana da jakarta a gefe. An fara kwance gadaje.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto, ki sa mata albarka.

Yayarki

*

Zuwa ga Yayar abokiyar aikina,

Sallama. Ba ki san ni ba, ni ce Gajera. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba.

Ƙanwarki tana asibiti. Tururi ya cinye mata hannun dama a ɗakin nan da take wankewa. Ta jima a kwance. Ita ta hana a gaya miki, har rantsar da ni ta yi, amma yau na biya wajen mai shayi ya ba ni takardunki guda biyu ya ce sun daɗe a wurinsa, sai na ga shirun ya yi yawa. Direban yana shirin tashi shi ya sa na rubuta wannan a tsaye. Yanzu zan kai mata naki.

Tana cin abinci. Tana magana. Kada ki tayar da hankali.

Gajera

*

'Yar Baffa,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu. Sannu, 'yar'uwata. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.

A tasha na buɗe takardar, a nan na zauna a ƙasa, sai da wata mata ta kama ni. Hannun dama! Hannun da kike ci da shi, kike rubutu da shi. Kuma kika kwanta ke kaɗai a garin mutane kika hana a gaya mini. Me na yi miki? Tun daga gwiwar hannu suka cire ko daga wuyan hannu? Wannan Gajerar ba ta faɗa ba.

Ban gaya wa Balbela ba, ba zan iya ba.

Yanzu kam ki sa wa ranki salama game da ita. Aikin nan ya ƙare, ɗakin nan ma ki manta da shi, ba alheri a cikinsa. Da hannu ɗaya ba za ki iya yi mata wanka da kitso ba, balle ki nemo abin da za ku ci. Allah ne ya sa muka riga muka shirya. Za mu riƙe ta kamar yadda muka saba, ba abin da za ta nema ta rasa. Idan an sallame ki kika ji ƙarfi, Maigida ya ce ki biyo mu, ba za a rasa inda za ki kwanta ba.

Motar kaya za ta zo ƙarshen makon gobe.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina lafiya, ki yi haƙuri ba zan tsaya dogon gaisuwa ba. Da hagu nake rubutu, ki daure ki karanta ko da ya yi kama da tafiyar kaza.

Hannuna yana nan! Ba a cire komai ba. Yatsuna duka suna nan, ina kallonsu, suna motsi. Ƙuna ce, daga bayan hannu zuwa kusa da gwiwa. Maganar Gajera ce haka, ko ƙaya ta soke ta sai ta ce ta cinye mata ƙafa. Likita ya ce fata za ta yi tabo amma hannu zai yi aiki.

Ga yadda aka yi. Na riga na gama kicin, na gama ɗakin, saura bango ɗaya a banɗaki, sai ruwan injin ya ƙare. Doka ita ce a kashe, a jira ya huce, a saki iskar da ta rage kafin a taɓa murfin. Na sani, ni nake koya wa sababbi. Amma rana ta yi ƙasa, Oga yana son injinsa da safe, ni kuma ina ganin bango ɗaya ne tsakanina da 'yata. Na sa tsumma na murɗa. Ban ma ji zafi ba da farko, ƙara kawai na ji, sai na ga fatar ta yi fari. Mai kula da gidan ne ya jiyo ihuna.

Na hana a gaya miki ne don ina tsoron abin da kika faɗa ɗin nan, cewa ba zan iya riƙe ta ba. Na ce bari in warke, in gama ɗakin, in zo miki da makulli a hannu. Ban san takardunki suna can ƙarƙashin gwangwanin sukari suna jirana ba. Da Gajera ta kawo su na karanta, nas biyu ne suka riƙe ni don sai da na sauko daga gado ina neman takalmina.

Na ari wayar Gajera na kira lambarki, na kira, na sake kira. Tana shiga ba a ɗauka. Yaya, kina gani ko ba kya gani?

Maganar bangon duniya da kika nuna wa Maigida, godiya ce nake yi miki. Ba kyauta na ba ki ba. Wace uwa ce take ba da 'yarta a ƙarshen takarda, tsakanin labarin tabarma da gaisuwa? Kin san ni, kin san yadda nake magana. Shiruna ma ba yarda ba ce, ina kwance ne ana kankare mini fata.

Aikina bai ƙare ba. Oga ya zo asibiti, ya yi faɗansa ya gama, ya ce in na fito in riƙe tsumma da hagu, Gajera ta riƙe tiyo, har in warke. Ɗakin ma an gama. Gajera ta je ranar hutunta ta ƙarasa bangon, ta bar taga a buɗe iska ta ratsa. Matar mai kula da gidan tana gida kullum, 'ya'yanta a makarantar nan suke, ta ce za ta riƙa haɗo su da Balbela ta riƙe ta har in dawo. Na yi tunanin duk abin da kika tambaya tun kafin ki tambaya.

Na san abin da take a wurinki. Na san abin da Allah bai ba ki ba, na kuma san ke kika yi jinyarta, kika ga fitar haƙorinta, ni ina nan ina goge banɗakin mutane. Ban isa in biya ki ba. Amma na bar ta tana gwaranci, Yaya. Idan kuka tafi da ita shekaru, wace ce zan zama in ta dawo? Duk layin da na durƙusa na wanke a garin nan, ita nake wanke wa hanya. Idan kika tafi da ita ban san dalilin da zai tashe ni da safe ba.

Ba su sallame ni ba, sun ce ciwon zai iya ruɓewa idan na yi tafiya. Amma wallahi idan ban ji daga gare ki ba zan cire bandejin nan in hau mota a haka.

Don Allah. Don darajar Baffa da ya riƙe mu tare. Kada ki sa ta a motar nan.

Ƙanwarki

*

'Yar Baffa,

Ina gaishe ki da jiki. Alhamdu lillahi da hannu yana nan. Ki gaya wa Gajerar nan idan na gan ta sai na ja mata kunne.

Kin tambaya ko ina ganin kiran. Ina gani. Baƙuwar lamba ce amma na san ke ce. Na kifa wayar a kan gado na fita tsakar gida, don na san idan na ji muryarki shi ke nan.

Maganar bangon duniya kuma, tun ranar da na karanta na san me kike nufi. Na dai so ta zama abin da nake so ne.

Kada ki kuskura ki cire bandeji. Maigida zai bi motar kaya ya yi gaba. Ni zan kawo ta da kaina, in ga ɗakin nan da idona. Amma ki ji da kyau: idan na shiga na ji wari ko na ga baƙi a bango, hannunta zan kama mu juya, ko za ki yi birgima a titi.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kin isa lafiya, kin tarar da Maigida lafiya, da fatan doguwar hanya ba ta tayar da gwiwar ba. An ce wannan sai ta gidan waya, Allah ya sa ta same ki. Hannuna yana ta warkewa, na koma aiki da tsumma.

Har yanzu ina ganinki a banɗakin nan, kin durƙusa da gwiwar da ke miki ciwo, kina bin layin tayil da farin hankicinki, kina dubawa, kina sunsuna bango. Kika miƙe, kika fara ciro kayan Balbela daga jaka kina jerawa. Ban iya yi miki godiya ba a ranar.

Amma Yaya, ina cikin wani hali. Da Balbela ta dawo daga sayen alawa ita da Gajera ta tarar kin tafi, ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi. Takalminta ta sa, ta ɗauki jakarta, ta zauna a bakin ƙofa. Tun ranar, a nan take zama. A makaranta an ce ba ta magana. Idan ta dawo ba ta cire takalmin sai barci ya kwashe ta na zare mata. Abinci sai ta kalle shi ta kau da kai, in ta ci loma biyu to na yi sa'a. Wuyanta har ya fara fitowa.

Anti take ce mini. "Anti, yaushe Mama za ta dawo?" Jiya na kai hannu zan gyara mata ɗankwali, ta ga tabon, ta ja baya ta manne da bango.

Na nuna mata taga, na nuna mata bishiya, na ce duk wannan ɗakin naki ne. Ta ce ita gidansu take so.

Na raba ta da uwar da ta sani don in ji daɗi ni. Abin da nake ta gaya wa kaina ke nan ina goge ƙasan mutane, hawaye suna ɗiga a inda na goge ina sake gogewa. Ki faɗa mini gaskiya. Idan kin ce in kawo ta, zan nemi izini wajen Oga in kawo ta har ƙofarki. Gara in rasa ta da in zuba ido tana ƙarewa a gabana.

Ƙanwarki

*

'Yar Baffa,

Na isa lafiya, Maigida yana gaishe ki. Gidan ba laifi, sai dai ya yi mana girma.

Kada ki kawo ta. Idan kika kawo ta ba zan sake ba ki ita ba, kin ji na faɗa miki.

Lokacin da kika bar mini ita kika tafi neman aiki, haka ta yi. Bakin ƙofa, da takalmi a ƙafa ɗaya don ba ta iya sa ɗayan ba, tana kiranki. Ta daɗe a haka. Ban gaya miki ba don na san za ki baro komai ki dawo. Yarinyar haka take, ba ta sakin mutum da wuri, kuma idan ta kama ki ta kama ke nan.

Ga abin da za ki yi. Ki daina roƙonta ta ci. Ki zuba a faranti ɗaya, ki je ki zauna a ƙasa kusa da ita a bakin ƙofar, ki fara ci kina santi kamar ba ki san tana wurin ba. Ki bar gefenta ba ki taɓa ba. Ba ta son abinci da zafi, kuma ba ta son miya ta taɓa shinkafa sai ita ta haɗa da kanta. Takalmin ki bar mata, ranar da ta gaji za ta cire. Tabon kuma kada ki ɓoye shi, ki bar ta ta tambaya, tana da tambaya kamar alƙali. Idan ta ce miki Anti ki amsa. Ni ma ba da Mama ta fara ba.

Idan ta fara ci, ki ari wayar Gajera ki kira ni in ji muryarta. Kafin nan kada ki kira, za mu ɓata aikin.

Jiya da na zo zuba abinci faranti uku na fito da su. Maigida ya tashi ya mayar da ɗaya.

Ki shafa mini kanta, in ta bari.

Yayarki